JININ DA AKA CE "AN GWADA"

Akwai wata magana gajera wadda ke kwantar da hankalin duk mutumin da ɗan'uwansa ke kwance a gadon asibiti ana shirin yi masa ƙarin jini, maganar kuwa ita ce "an gwada". Da zarar ma'aikacin ɗakin gwaji ya miƙo ledar jini ya ce an gwada ba a ga kome ba, shi ke nan, sai dangi su yi hamdala, likita ya sa hannu, nas ta rataya leda. Mu a ra'ayinmu wannan magana gaskiya ce, amma rabin gaskiya ce. An gwada da me? A ina? Wane irin gwaji? Domin kuwa masana sun daɗe da tabbatar da cewa akwai wani nau'in ciwon hanta wanda ke iya kwanciya cikin jinin mutum ya yi lamo, gwajin da aka saba yi a yawancin asibitocinmu ya wuce ta kansa bai gan shi ba. A kan wannan muke so mu jawo hankalin masu karatu, musamman jama'ar Jos da kewayenta, da kuma hukumomin lafiya na Jihar Filato.

Ciwon da muke nufi shi ne ciwon hanta nau'in B. Ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a duniya, kuma a cikin wannan shekara kaɗai ya kashe mutum wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari. A nan gida, babban binciken da Gwamnatin Tarayya ta gudanar a 2018, wanda aka bi gida gida ana ɗibar jini, ya nuna mutum 8 cikin kowane 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna da shi. A Jos ɗin kanta, wani bincike da aka buga a 2005 ya sami alamar ciwon a jinin mutum 14 cikin 100 na masu ba da jinin da aka gwada. Watau idan mutum bakwai suka yi layi don su taimaki mara lafiya, ɗaya daga cikinsu jininsa ba ya shiga jikin kowa. Waɗannan fa su ne waɗanda gwaji ya kama. Maganarmu ta yau a kan waɗanda bai kama ba ce.

Kafin mu je can, ya kamata mai karatu ya san halin wannan ciwo. Mutanenmu sun san shawara, in ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, a nemo saiwoyi a jiƙa. To, amma yawancin masu ɗauke da ciwon hanta nau'in B idonsu fari ne tas, suna noma, suna kasuwa, suna tuƙin mota, ba ciwon kai ba zazzaɓi. Ƙwayar tana cikin hanta tana cinta sannu a hankali kamar gara a azara, sai bayan shekara ashirin ko talatin a ga ciki ya kumbura, ƙafa ta kumbura, ko a ce sankarar hanta ce, lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kuma abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne shekarun mutum ranar da ƙwayar ta shige shi. Jaririn da ya kamu, sau tara cikin goma ciwon zai zauna masa har abada. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, kamar ɗaya cikin uku. Babban mutum kuwa, jikinsa kan yi kokawa da ƙwayar ya rinjaye ta, ba su kai biyar cikin ɗari ba waɗanda take zaune musu. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

YADDA ƘWAYAR KE ƁUYA

Ƙwayar wannan ciwo tana da riga, kuma takan zubar da ɓarɓashin rigar nan da yawan gaske cikin jini. Wani likita Ba'amurke, Baruch Blumberg, shi ya fara gano wannan ɓarɓashi a shekarun 1960, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1976. Ranar haihuwarsa ce, 28 ga Yuli, duniya ke tunawa da ciwon hanta kowace shekara. Tun daga farkon shekarun 1970 har yau, gwajin da ake yi wa jini kafin a ƙara wa mara lafiya, rigar nan yake nema. In an ga riga, a zubar da jinin. In ba a gani ba, a ce lafiya lau.

Wannan gwaji ya ceci rayukan da ba su ƙirguwa, ba mu raina shi ba. Amma maigadi ne wanda riga kaɗai ya sani, bai san fuskar ɓarawo ba.

Da farko dai akwai mutumin da bai daɗe da kamuwa ba. Ƙwaya tana cikin jininsa, tana iya kama wani, amma sai an yi fiye da wata guda kafin rigar ta yi yawan da gwaji zai gan ta. Sa'an nan akwai maganar kayan gwajin kansu. Yawancin ƙananan asibitoci da ɗakunan gwaji na kuɗi suna aiki da tsinken gwaji ne, irin wanda ake ɗiga masa jini a jira minti goma sha biyar a ga layi ɗaya ko biyu. Tsinke yana da araha, ba ya bukatar wutar lantarki, kuma a tsakar dare in mace tana zubar da jini shi ne abin da ke hannu. Amma idonsa bai kai na gwajin na'ura ba, wanda ma'aikata ke kira Elisa, balle a ce tsinken jabu ne, ko wa'adinsa ya wuce, ko ya sha zafin rana a shagon mai sayarwa. An sha gwada jinin da tsinke ya wanke a sake shi a na'ura a sami ciwo a ciki.

Waɗannan biyu matsaloli ne da kowane ma'aikacin asibiti ya sani. Na ukun shi ne mai wuyar sha'ani, shi ne wanda likitoci ke kira ɓoyayyen ciwon hanta. Ga yadda yake. Mutum ya kamu da ciwon, wataƙila tun yana yaro, jikinsa ya yi yaƙi da ƙwayar har rigar ta ɓace daga jininsa ƙaƙaf. In aka gwada shi da tsinke, ba kome. In aka gwada shi da Elisa, ba kome. Shi kansa in ya rantse cewa lafiyarsa ƙalau, bai yi kaffara ba, iyakar saninsa ke nan. Amma ita ƙwayar ba ta fita ba. Ta bar irinta a cikin hanta, kamar yadda ciyawa ke barin saiwa a ƙarƙashin ƙasa bayan an yi noma, kuma lokaci lokaci takan sako 'yan ƙwayoyi ƙalilan cikin jini, yau a samu, gobe a rasa. Akwai kuma wata ƙwayar da kan sake kamannin rigarta yadda gwaji ba zai shaida ta ba. Masana ciwon hanta na duniya sun zauna a garin Taormina na ƙasar Italiya a 2008, suka sake zama a 2018, suka daidaita a kan ma'anar wannan abu: jinin da babu riga a cikinsa amma akwai asalin ƙwayar, ko a hanta ko a jini, kuma galibi 'yar kaɗan ce ƙwarai.

To, me 'yar kaɗan za ta yi? A allura ko aska wataƙila ba ta isa ta kama mutum ba. Amma ƙarin jini ba ɗigo ba ne. Leda ɗaya kusan rabin lita ce, kuma kai tsaye take shiga jijiya.

ABIN DA AKA SAMU A ƘASAR NAN

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. Likitocinmu na Nijeriya sun bincika da kansu. A Abakaliki, binciken da aka buga a 2014 ya ɗauki jinin mutum 100 waɗanda gwajin riga ya wanke, aka sami asalin ƙwayar a jinin 8. A yammacin ƙasar nan, wani binciken na 2015 ya gwada mutum 429 masu ba da jini, dukkansu an ce ba su da ciwo, aka same ta a jinin 72, watau 17 cikin 100. A Ile-Ife kuma, a 2016, cikin mutum 507 da aka riga aka wanke, an sami 354 da jininsu ya nuna ƙwayar ta taɓa shigarsu, cikin waɗannan kuma 19 suna ɗauke da ita har lokacin.

Lalle alƙaluman sun sha bamban, kuma dalilin a fili yake, na'urorin da aka yi aiki da su ba ƙarfinsu ɗaya ba, mutanen da aka gwada ba iri ɗaya ba ne, gwajin farkon da ya wanke su ma ba ɗaya ba ne. Amma ko da mafi ƙanƙantar cikinsu muka ɗauka, na Ile-Ife, ya nuna kusan leda huɗu cikin kowace ɗari da aka ce an gwada suna da ƙwaya a ciki. Babu kuwa wani dalilin da zai sa a zaci Jos ta tsira, tun da yake yawan masu ciwon a fili a nan bai gaza na can ba. Inda hayaƙi ya yi yawa, garwashin da ke ƙarƙashin toka ma yana da yawa.

Adalci ne mu faɗi cewa ba duk ledar da ke da ɓoyayyar ƙwaya ce ke sa wa mutum ciwo ba. Sau da yawa jinin mai bayarwa yana ɗauke da garkuwar da ke danne ƙwayar. Sau da yawa kuma shi wanda aka ƙara wa, in babba ne, ya riga ya gamu da ciwon tun yana yaro ya warke, ko kuwa an yi masa rigakafi. Saboda haka ba muna cewa kowa ya firgita ba ne. Amma a je a duba su wa ke kwance ana ƙara musu jini a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da Jankwano, da sauran asibitocin Bukuru da Vom da Barikin Ladi. Akwai mata masu haihuwa, akwai waɗanda hatsarin mota ya rutsa da su a Hawan Kibo da sauran hanyoyi, akwai waɗanda tashin hankali ya raunata. Amma da damina, in sauro ya yi yawa, ɗakin yara ne ke shan jini, 'yan shekara ɗaya, biyu, uku, waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya tsotse har tafin hannunsu ya yi fari. Su ne muka ce a baya ciwon ya fi zaune musu. Yaron da aka haifa a gida a ƙauye, ba a kai shi allurar rigakafi ba, aka kawo shi ranga-ranga aka ƙara masa jini ya farfaɗo, iyayensa suka koma gida suna murna, mai yiwuwa ne an ceci ransa yau an kuma ba shi guzurin abin da zai kashe shi yana ɗan shekara talatin. Ga kuma masu amosanin jini, watau sikila, da masu wankin ƙoda, da masu ciwon daji, waɗanda ba sau ɗaya ake ƙara musu ba, ba sau goma ba. Wanda ke tsallaka rafi kullum, ko ba jima ko ba daɗe sai ya taka wuri mai santsi.

Abin da ya sa wannan matsala ba ta da mai kuka shi ne ba ta da shaida. In aka ƙara wa mutum jinin da bai dace da nasa ba, nan take jiki zai nuna, a yi ta maza. Amma ciwon hanta sai bayan wata biyu ko uku ko shida, in ma ya nuna ke nan. Wa zai tuna da ledar jini? Sai a ɗora wa wanzami, ko maiƙo, ko sammu. Kuma a asibitoci da yawa ba a ajiye littafin da zai nuna jinin wane ne ya shiga jikin wane, balle a kira mara lafiya bayan wata shida a sake duba shi. A Ingila, rahoton hukumar binciken gurɓataccen jini da ya fito a watan Mayu na 2024 ya ce fiye da mutum dubu 30 aka sa wa ƙanjamau ko ciwon hanta nau'in C tsakanin shekarun 1970 da farkon 1990, kuma wajen dubu 3 sun mutu. Su can sun iya ƙirga nasu ko da bayan shekara arba'in ne. Mu da wane littafi za mu ƙirga?

DAGA INA JININ KE FITOWA

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne ƙasa tana bukatar aƙalla leda goma a shekara ga kowane mutum dubu. Ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, leda miliyan biyu ke nan. Abin da ake samu bai kama ƙafar wannan ba, kuma mafi yawansa ba daga masu sa kai yake fitowa ba. Tsarin da kowa ya sani shi ne likita ya ce a kawo leda biyu, dangi su bazama neman wanda zai bayar. In an sami ƙane ko aboki, to. In ba a samu ba, akwai samarin da ke zaune a inuwa kusa da ƙofar asibiti, da dillalinsu, a yi ciniki, saurayi ya shiga ya ce shi ɗan'uwan mara lafiya ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana sayar da jini, amma doka ba ta cika leda, kuma wanda matarsa ke zubar da jini ba ya tambayar lauya.

Illar wannan tsari ita ce yana kashe gaskiya. Kafin a ɗebi jinin mutum akan yi masa tambayoyi: ka taɓa yin shawara? an taɓa ƙara maka jini? yaushe rabonka da bayarwa? Wanda ya zo don Allah ba shi da dalilin ɓoyewa. Wanda ya zo don kuɗin abinci, ko wanda dangi suka tsare da ido, zai ce a'a ga kome. Amurka ta ga wannan da idonta. A babban asibitin bincike na gwamnatinsu, kafin 1970, kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi wa babban aikin zuciya aka ƙara musu jini suna kamuwa da ciwon hanta. Da aka daina karɓar jinin saye aka kuma fara gwajin riga, abin ya faɗo zuwa kamar ɗaya cikin goma. Likitan da ya bi diddigin wannan, Harvey Alter, shi ma ya sami lambar Nobel a 2020. Ba wata na'ura mai tsada ce ta yi yawancin wannan aiki ba, sauya masu bayarwa ne.

INA MAFITA?

Akwai gwaji na biyu mai sauƙin kuɗi wanda ke nuna sawun ƙwayar, watau ko ta taɓa shiga jikin mutum ko da ya warke. Amurka tana yinsa tun ƙarshen shekarun 1980, Ingila kuma ta fara a 2022, duk wanda aka ga sawu a jininsa sai a sallame shi. Wasu masana namu sun ba da shawarar a yi haka nan ma. Mu ba mu goyi bayan wannan ba, kuma dalilinmu yana cikin alƙaluman Ile-Ife ɗin nan: 354 cikin 507, watau bakwai cikin goma, suna da sawu. A Ingila masu sawu 'yan tsiraru ne, in an kore su ba a rasa kome ba. A nan in aka kore su an rufe ma'ajiyar jini ke nan, kuma matan da za su mutu a ɗakin haihuwa cikin wata guda sun fi waɗanda aka kare daga ciwon hanta yawa. Garin neman gira ba a rasa ido.

Gwajin da ya dace da ƙasa irin tamu shi ne wanda ke neman asalin ƙwayar kanta, ba rigarta ba, ba sawunta ba. Shi ne irin gwajin da jama'a suka ji sunansa lokacin annobar korona. Yana kama mai ɓoyayyen ciwo, yana kuma rage kwanakin nan na farkon kamuwa da gwajin riga ba ya gani. Japan ta fara yi wa jinin bayarwa wannan gwaji a 1999. Afirka ta Kudu, ƙasar Afirka kamar tamu mai fama da ƙanjamau da ciwon hanta, ta fara yi wa kowace leda ɗai-ɗai tun 2005. Shi ma ba ma'asumi ba ne, in ƙwayar ta yi ƙaranci ainun tana iya kuɓuce masa, musamman in aka haɗa jinin mutane da yawa aka gwada a tare don tsimin kuɗi. Amma tsakaninsa da tsinke tafiya ce mai nisa.

Za a ce tsada. Gaskiya ne, yana da tsada, yana son wutar lantarki wadda ba ta yankewa, da ma'aikata masu horo, da kayan aiki da ake sayowa da kuɗin waje. Ba mai hankalin da zai ce kowane asibiti a Mangu ko Shendam ko Langtang ya sayi wannan na'ura. Amma wa ya ce kowane asibiti ne zai riƙa gwada jininsa? Asalin kuskuren ke nan. Muddin kowane ƙaramin asibiti shi ke ɗiba, shi ke gwadawa, shi ke ƙarawa, to, ingancin jini zai zama gwargwadon aljihun mai asibitin da tsoron Allahnsa. In kuwa aka tara gwajin a wuri ɗaya, na'ura ɗaya ta isa jiha, kuɗin kowace leda kuma ya sauko saboda yawa.

A nan ne muke ganin Jos ba ta da uzuri kamar sauran wurare. Cibiyar Hukumar Jini ta Ƙasa mai kula da shiyyar Arewa ta Tsakiya a Jos take, kuma aikinta ke nan, tara jini daga masu sa kai da gwada shi da na'ura a kan cututtuka huɗun da aka wajabta, watau ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da nau'in C, da tunjere. Tun 2021 hukumar ta sami dokar kanta wadda ta ba ta ikon sa ido a kan harkar jini a ƙasa baki ɗaya. Asibitin Koyarwa ya yi shekaru yana auna yawan ƙwayar ƙanjamau a jinin marasa lafiya da irin wannan fasaha. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ke nan tun 1924, tana cikin wuraren da suka yi gwajin korona a 2020. Ashe ke nan masu ilmin suna nan, hannuwan da suka saba da aikin suna nan. Abin da ya rage shi ne wanda zai haɗa su ya kuma biya kuɗin. Jihar Ikko ta daɗe da kafa hukumar jini tata, wadda ke yi wa ma'ajiyoyin jini rajista, kuma ledar da aka tantance tana ɗauke da tambarinta. Abin da Ikko ta iya da cunkosonta, Filato ba za ta kasa ba.

Don haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Filato da Ma'aikatar Lafiya su zauna da Hukumar Jini da Asibitin Koyarwa su tsai da magana. Matakin farko ba ya jiran sabuwar na'ura: a hana ƙara wa kowa jinin da tsinke kaɗai ya wanke, sai fa in rai ne ke hannun Allah babu lokacin jira, kuma ko a nan a rubuta, a aika da samfurin a sake gwadawa, in an sami wani abu a nemo mara lafiyar. Wannan yana bukatar mota da firji da mai, domin asibitin karkara ba zai daina dogara da tsinke ba sai ya tabbata gwadadden jini zai iso shi kafin mara lafiya ya cika. Sa'an nan a sa gwajin asalin ƙwaya cikin kasafin kuɗi, in ba za a iya yi wa kowace leda ba tun farko, a fara da jinin da za a ba ƙananan yara da masu sikila da masu wankin ƙoda. Kuma kada a juye kuɗin a kan mara lafiya, domin in gwadadden jini ya fi ƙarfin talaka, wurin dillali zai koma.

Akwai kuma wani abu mai araha wanda muke mamakin yadda ake sakaci da shi. Allurar rigakafin wannan ciwo tana nan, tana aiki, kuma ta shiga jerin alluran yara na ƙasar nan tun 2004, ana ba jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa, sauran a mako na 6 da na 10 da na 14. Yaron da ya sami allurarsa cikakkiya, ko ɓoyayyar ƙwaya ta zo masa cikin leda, ta tarar da ƙofa a rufe. Saboda haka duk yaron da aka gano yana da sikila, duk wanda za a fara yi wa wankin ƙoda, a duba katinsa tun ranar farko, in bai yi ba a yi masa. Wannan kuma yana nuna mana inda jini mafi tsabta yake: matasan da aka haifa daga 2004 zuwa sama, waɗanda da yawansu sun sami allurar, yanzu sun kai shekarun bayarwa, suna nan cike da Jami'ar Jos da makarantun Pankshin da Gindiri da Barikin Ladi. Su ya kamata Hukumar Jini ta riƙa bi, ta mai da su masu bayarwa na kullum, domin wanda ake gwadawa duk bayan wata uku ko huɗu an fi sanin jininsa da baƙon da aka tsinta a bakin ƙofa. Limamai da fastoci suna da rawar takawa a nan. A garin da aka sha zubar da jini da sunan bambanci, ledar jini ba ta da addini ba ta da ƙabila, ta ɗan Unguwar Rogo tana shiga jikin ɗan Tudun Wada lafiya lau.

Ga likitocinmu kuma, da girmamawa, ba kowane mai ƙarancin jini ne ke bukatar leda ba. Mace mai ciki da aka kula da ita tun wuri da ƙwayoyin ƙarin jini da maganin zazzaɓi, sau da yawa ba ta kaiwa ga ƙari. Haka nan wanda aka gwada aka ce jininsa bai yi ba, kada a sallame shi da "jininka bai dace ba" kawai ya tafi wani asibitin ya sake miƙa hannu. A zaunar da shi a gaya masa abin da aka gani, a nuna masa inda zai je, domin akwai magani irin su tenofovir da ke danne ƙwayar ya kare hanta, a kuma gwada matarsa da 'ya'yansa.

Kai kuma mai karatu, kada wannan bayani ya sa ka hana a ƙara wa naka jini in likita ya ce a ƙara. Zubar jini yana kisa cikin awa guda, ciwon hanta kuwa ana iya tsare shi, ana iya danne shi. Amma kana da ikon tambaya, cikin ladabi, daga ina ledar ta fito, da tsinke aka gwada ko da na'ura, kuma a rubuta maka lambarta a katin mara lafiya. Bayan wata shida ka mai da shi a gwada masa ciwon hanta, ko da yana gudu yana tsalle.